Mujallun Tsoro na Kamfanin EC Comics

Mujallun tsoro na EC Comics mujallu ne na labarai masu zane da wani kamfani a birnin New York na Amurka ya buga daga 1950 zuwa 1955. Labaransu na fatalwa ne, da mayu, da matattun da ke tasowa daga kabari. A lokacin ana sayar da kowace a kan senti 10, a takarda mai arha, amma yau suna cikin tsofaffin mujallun zane da aka fi nema.

Max Gaines ne ya kafa kamfanin a 1944 don buga labaran addini da na tarihi. Da ya rasu a hatsarin jirgin ruwa a 1947, ɗansa William Gaines ya gaji kamfanin da bashi a kansa. Ba shi ya fara wannan fanni ba, domin mujallar tsoro ta Adventures into the Unknown ta fito tun 1948. Sai dai shi da editansa Al Feldstein ne suka kai shi inda ya kai, da mujallu uku: Tales from the Crypt, The Vault of Horror da The Haunt of Fear.

Kowace fitowa tana ɗauke da gajerun labarai huɗu. Kafin labari ya soma, akwai mai gabatarwa: tsohon da ke gadin makwancin matattu, ko mai gadin rumbun tsoro, ko wata tsohuwar mayya a gaban tukunyarta. Yakan yi wa mai karatu magana ido da ido, ya tsokane shi, ya rufe labarin da barkwanci. Matsayinsa kamar na kakar da ke ba jikoki tatsuniyar dodo da daddare ne, tana razana su amma suna jin muryarta kusa.

Abin da ya fi riƙe masu karatu shi ne adalcin da ke cikin labaran. Mugun ba baƙon dodo ba ne, mutum ne na cikin gari: miji mai kwaɗayin dukiyar matarsa, ɗan kasuwa mai ha'inci, magajin da ya gaji da jiran mutuwar kawunsa. Yakan yi ta'asarsa hukuma ba ta gani ba, sai a shafin ƙarshe alhaki ya cim masa. A labarin Poetic Justice na 1952, wanda Graham Ingels ya zana, wasu attajirai sun matsa wa wani dattijo mai kwasar shara lamba don su raba shi da gidansa, alhali mutum ne mai son yara da karnuka. Suka ɓata masa suna, suka aika masa katunan cin mutunci har ya rataye kansa. Daga baya ya fito daga kabari ya cire zuciyar wanda ya zalunce shi. Yaron da ya karanta wannan tsoro yake ji, amma har da sanyin rai, domin ya ga an bi wa marar gata haƙƙinsa.

Zanen ma ba na wasa ba ne. Ingels ya ƙware a fuskoki masu zagwanyewa da gidajen da suka ruɓe, Jack Davis a motsi da kuzari, Johnny Craig kuwa a tsabtar layi da fargabar da ke taruwa a hankali. Kamfanin yana barin kowa ya sa hannu a aikinsa, abin da ba a saba ba a lokacin.

Farin jinin ya jawo masa fitina. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafin Seduction of the Innocent, inda ya ɗora wa mujallun laifin lalacewar tarbiyyar yara. A watan Afrilun shekarar wani kwamitin majalisar dattawa ya yi zama a New York, Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon wata mujallar EC mai hoton yankakken kai yana yi wa Gaines tambayoyi. Masu buga mujallu suka tsorata, suka kafa hukumar tace kansu, wadda ta haramta masu shan jini da matattu masu tafiya, har ma da kalmomin tsoro a sunan mujalla. EC ya rufe mujallun uku, daga baya mujallarsa ta barkwanci mai suna Mad kaɗai ta tsira. Birtaniya ma ta yi dokar hana irinsu a 1955.

Ba a sassauta ƙa'idojin ba sai 1971, ko da yake mujallar Creepy ta kauce musu tun 1964 ta hanyar fitowa a matsayin babbar mujalla a baƙi da fari. A 1972 aka yi fim ɗin Tales from the Crypt a Ingila, Peter Cushing ya fito a matsayin dattijon nan mai kwasar shara, tashar talabijin ta HBO kuma ta nuna shiri mai wannan suna daga 1989 zuwa 1996.