Daga gado zuwa makewayi: inda iyayenmu ke faɗuwa

A zagayen gida-gida da muke yi, na shiga wani gida a cikin birnin Zazzau in duba wata dattijuwa mai hawan jini, sai na tarar wata uku ke nan tana kwance. Ba hawan jinin ya kwantar da ita ba. Alwalar asuba ta fito yi, babu wuta, santsin sabon tayil ɗin da ɗanta ya shimfiɗa mata a tsakar gida ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Na ce, "Iya, sannu da jiki." Ta ce, "Yawwa 'yar nan. Ni da nake taka sayyada har Tudun Wada, yau sai an ɗaga ni." Har yanzu maganar tana raina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Dalilin a fili yake: yanar ido ta rage gani, ƙashi ya yi rauni, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, wasu magungunan hawan jini na sa jiri idan an miƙe farat ɗaya, ga fitsarin dare da ke tayar da tsoho cikin duhu. Saboda haka hanyar da ke tsakanin gado da makewayi ita za a fara gyarawa.

Makewayin ya fi damuna. Tsuguno ga mai ciwon gwiwa azaba ne, tashin kuma ya fi wuya, amma tsofaffinmu na da kunya, ba za su faɗa wa 'ya'yansu ba. Sai dai su rage shan ruwa don kada su yawaita shiga, wannan kuma wata cutar ce. A sa mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe, magini ya kafa shi a bango da siminti daidai tsayin ƙugu, ya zama abin dafawa. A samo kujera mai rami da za a ɗora bisa masai, da wata ta zaman wanka da alwala. Ƙofar kuma ta riƙa buɗewa ta waje, domin idan mutum ya faɗi a bayanta, turawa ba za ta yiwu ba.

In za ku sayi tayil, ku zuba masa ruwa tun a shago, ku shafa da hannu. Mai ƙyalli ku bar shi, ku ɗauki mai kaushi. Da damina a riƙa kankare gansakuka a bakin rijiya da wajen wanke-wanke.

Dokin ƙofa kuwa magabata ba su ɗaga shi a banza ba, shi ke tare ruwan Agusta. Kada a fasa shi, a yi masa gangare da siminti, a shafa farin fenti a gefensa don ido ya gani. Ƙa'idar ita ce duk inci 1 na tudu yana buƙatar inci 12 na tsawo, wato matakala mai inci 6 sai gangare mai ƙafa 6. Abin da ya fi haka tsayuwa, keken guragu zai ƙwace wa mai turawa.

A ajiye tocila kusa da matashi, a sa ƙwan sola ɗaya a hanyar makewayi. A naɗe wayar caji da tabarmar da bakinta ya tashi. Katifar ƙasa a ɗora ta kan gadon da in an zauna tafin ƙafa zai taɓa ƙasa.

Masu sabon gini a Samaru, Sabon Gari ko bayan ganuwa, ku bar ɗaki ɗaya a ƙasa mai makewayi a ciki, faɗin ƙofarsa ƙafa 3. Yau na Baba ne ko Hajiya, in Allah ya ja kwana naku ne.

In kuwa tsautsayi ya afku, tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafar, ko kuka ga ta gajarce ta karkata waje, kada a tilasta masa tsayuwa, kada a ja ƙafar. A kwantar da shi a kan abu mai faɗi, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi tun kafin a yi maganar mai ɗori. Haka ma wanda ya bugu a ka, ko da ya ce ba ya jin komai.