Daidaita taurin kibiyar kabon a bakan gargajiya

Taurin kibiya shi ne gwargwadon yadda sandarta ke lanƙwasa in ƙarfi ya hau ta. Da maharbi ya saki tsarkiya, gindin kibiya kan riga kanta motsawa, sai sandar ta tanƙware ta kewaye jikin baka tana karkarwa, kafin ta miƙe ta nufi abin hari. Bakan gargajiya ya fi buƙatar wannan, domin kibiyarsa a gefe take kwanciya, dole ta lanƙwasa daidai kafin ta wuce lafiya.

Maharban Kano sun daɗe da sanin haka tun zamanin kyauro. Mai haɗa kibiya kan ɗan tanƙwara sandar a hannu ya ji ƙarfinta, sannan ya ɗaura mata kan da maƙeri ya ƙera. Kibiyar kabon kuwa, wato mai sandar da aka yi da zaren kabon, wadda ake shigowa da ita daga waje, lambar taurinta ce rubuce a jikinta.

Ga yadda ake samun lambar. Ana ɗora sanda kan matokara biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiyarta, a auna lotsawarta. In ta lotsa rabin inci, lambarta 500 ke nan. Don haka 340 ta fi 400 tauri, 600 kuma ta fi 500 laushi. Sabon shiga kan ɗauka babbar lamba ita ce mai ƙarfi, ya yi asarar kuɗinsa.

Sai dai lambar mafari ce kawai. Ƙarfin baka, tsawon jan maharbi, tsawon kibiya da nauyin kanta duk suna sauya halinta a iska. Doguwar sanda ta fi laushi, gajeruwa ta fi tauri. Kai mai nauyi yana sa ta yi laushi: in aka cire mai giren 125 (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne) aka sa mai 175, za a ga bambanci nan take. Ƙara kaurin fatar da kibiya ke jingina da ita a jikin baka kuwa yana sa ta yi halin mai tauri.

Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne harba tsurar sanda marar gashi, wato gashin da ake liƙa wa gindin kibiya don ya daidaita tafiyarta, tare da masu gashi, daga kamar taku 15. Gashi yana rufe aibin kibiya, tsurar kuwa ba ta ɓoye komai. Abin sha'awa, kibiyar Bahaushe ta asali ba ta da gashi, wato kullum cikin wannan gwaji take. Ga mai jan tsarkiya da yatsu uku na hannun dama, in tsurar ta faɗi dama da sauran, ta yi laushi. In ta faɗi hagu, ta yi tauri. Ga bahago, akasin haka ne. Harbi ɗaya ba ya zama hujja, sai an maimaita an ga abin ya tsaya a wuri guda.

In ta yi laushi, ana rage tsawonta kaɗan-kaɗan, kamar rubu'in inci a kowane yanka, a sake gwadawa. A nan ne gaggawa ke ɓata aiki, don abin da aka yanke ba ya komawa. Gara a fara da sauya kai kafin a ɗauko zarto. Yankan ma da injin yanka mai gudu ake yi, domin zarton hannu kan tsattsaga kabon, ƙurarsa kuma ba a so a shaƙa.

Kabon ba shi da nauyi, kuma kibiya mai sauƙi da yawa tana wahalar da bakan itace kusan kamar an saki tsarkiya ba kibiya. Shi ya sa masu bakan gargajiya ke neman nauyin kibiya ya kai giren 8 zuwa 10 ga kowace laba ta ƙarfin jan baka. Kafin harbi kuma a tanƙwara sandar kusa da kunne. In an ji ƙas-ƙas, ta tsage daga ciki, tana iya fashewa a hannun maharbi, sai a fitar da ita daga kwari.