Waiwaye: Yadda talabijin mai kala ya shigo gidajenmu

In ka tara 'yan'uwa waɗanda suka ba shekara arba'in baya, ka tambaye su yaushe talabijin mai kala ya zo ƙasar nan, da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Yayan da ya tashi a kwatas ɗin ma'aikata a Kaduna zai ce tun mulkin Obasanjo na soja. Ƙanwarsa da aka kai riƙo wajen gwaggo a ƙauye za ta rantse cewa sai lokacin Abacha ta fara ganin koren fili a cikin akwati. Babu mai ƙarya a cikinsu. Tashoshi sun fara samun kala a tsakiyar shekarun 1970, amma kafin ta gama shiga gidaje an kwashe kusan shekara ashirin, kuma aljihu da wutar lantarki ne suka ja wannan jinkiri.

Talabijin ɗin kansa ya fara ne a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, lokacin da gwamnatin Awolowo ta Jihar Yamma ta buɗe tashar WNTV. Inugu ta biyo baya a 1960. Gwamnatin Sardauna ba ta yarda a bar Arewa a baya ba, sai ta buɗe Rediyo Talabijin Kaduna a watan Maris na 1962, daga baya hoton ya kai Zariya da Kano. Duk wannan fari da baƙi ne, kuma masu akwatin a lokacin ba su wuce manyan ma'aikata, sarakuna da attajirai ba.

Wanda ya san akwatin wancan zamani ba ya manta shi. Katako ne mai ƙafa huɗu, wani da ƙofa mai zugewa har da makulli, makullin kuma yana aljihun maigida. Uwargida ta saƙa masa kyalle ta shimfiɗa a kai, an ɗora fulawar roba da hoton Makka. In an kunna sai an jira ya yi zafi, murya ta riga fitowa, sannan hoto ya taso a hankali. Tashar ma ba wuni take yi ba: da la'asar sakaliya ake buɗewa da taken ƙasa, a rufe wajen sha biyun dare. In hoto ya fara yayyafi, akwai yaro ɗaya a kowane gida da aikinsa ke nan, ya fita ya kama gorar eriya yana murɗawa, na cikin falo suna ihu, "Ya yi! A'a, ka wuce, dawo kaɗan!" Yaran maƙwabta kuwa sai sun wanke ƙafa kafin a bar su su zauna a tabarma, waɗanda ba su samu shiga ba su yi layi a taga.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba Legas ce ta fara watsa hoto mai kala a Najeriya ba, ba kuma Ibadan ba. Jos ce. Tashar jihar Binuwai-Filato, wadda gwamnatin Joseph Gomwalk ta kafa, ta fara aiki a 1974, kuma a 1975 ta zama ta farko da ta fitar da kala. Sabuwar tasha ce da ta sayi sababbin na'urori tun daga tushe, yayin da tsofaffin ke fama da kayan da suka gada tun shekarun 1960.

Lokacin ya zo daidai da kuɗin mai, da kuma ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata har da ariyas a 1975. Dattawa har yau suna lissafa abin da aka saya da kuɗin Udoji: babur, firji, rediyo mai kaset, fanka, talabijin. Sai dai a nan ne abin dariyar yake. Yawancin waɗanda suka sayi talabijin da wannan kuɗi fari da baƙi suka saya, domin shi ne a kanti, shi ne kuma daidai ƙarfinsu. Wato a shekarar da kala ta fara fita daga Jos, a shekarar ne ɗimbin gidajen ƙananan ma'aikata suka mallaki akwatin da ba ya nuna ta. Mutumin da ya yi wannan sayayya ba zai waiwayi wani sabo ba sai bayan shekaru masu yawa.

A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukuma ɗaya, NTA, a shekarar da aka yi bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a Legas da babban hawan daba a Kaduna. Tashoshi suka riƙa sauya na'urori ɗaya bayan ɗaya. Amma babu abin da ya tilasta wa magidanci ya sauya nasa, saboda yadda aka tsara fasahar tun asali. Saƙon da tasha ke aikowa yana ɗauke da haske da duhun hoton, sannan an goya masa bayanin launi a gefe. Akwati mai kala yana karanta duka biyun, ya haɗa ja da kore da shuɗi a fuskar gilashi. Tsohon akwati kuwa ya ɗauki hasken ya yi watsi da sauran. Don haka gida biyu masu katanga ɗaya suna kallon Samanja ko labaran ƙarfe tara a lokaci guda, ɗaya yana ganin launin kaki, ɗaya yana ganin toka-toka.

Masu dabara ba su zauna ba. Aka shigo da wata roba mai haske da ake mannawa a gaban gilashin, samanta shuɗi, tsakiya ja-ja, ƙasa kore. In an nuno fili da sararin sama, sai ka ce da gaske. In mai karanta labarai ne ya fito, sai ka gan shi da shuɗiyar hula da koriyar riga ko da farare ya sa. Ni dai a ganina robar nan ta fi ɓata hoto a kan gyara shi, amma gidan da ya manna ta yakan samu ƙarin 'yan kallo.

Ranar da mai kala ya shigo unguwa kuwa, labari ne. Galibi gidan wani alhaji ne ɗan kasuwa, ko babban ma'aikacin da ya dawo kwas daga Ingila, a sauke kwali mai tambarin National ko Sony ko Philips, a kira mai gyaran rediyo ya zo ya saita. Abin da aka fi tunawa shi ne ƙwallo. A fari da baƙi, in ƙungiyoyi biyu suka sa riguna masu duhu, sai dai ka bi bakin mai sharhi. Waɗanda suka kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980, da Najeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas, har yau sukan faɗa maka a gidan wa suka kalla, da kuma ko sun ga koren rigar ko ba su gani ba. Mata kuma suka samu abin zance: ashe atamfar mai gabatar da shiri ruwan goro ce. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980, tashar da yanzu ake kira ARTV, abin kallo da Hausa ya ƙaru, sha'awar mai kala ta ƙaru da shi.

Sai tattalin arziki ya juya. Farashin mai ya faɗi, Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, sannan SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, ya karya darajar naira daga 1986. Wanda ya yi niyyar "baɗi in Allah ya kai mu" ya ga kuɗin akwatin ya tsere wa albashinsa. Ga kuma NEPA. Mai kala yana shan wuta, ba ya son ta yi ƙasa, sai an haɗa masa sitabilaiza, in ya ƙone gyaransa da tsada. Ƙaramin fari da baƙi mai inci 14 kuwa batirin mota ya ishe shi, a ɗora batirin a keke a kai caji, a dawo a sha kallo. Wannan ne ya sa ya daɗe a ƙauyuka da wajen masu shayi bayan birni ya yi masa ritaya.

Mutanen bakin iyaka suna da tasu ƙarin matsalar. Tsarin watsa kala ba ɗaya ba ne: Najeriya ta ɗauki tsarin PAL, Nijar ta bi Faransa ta ɗauki SECAM. Mutum ya kashe kuɗi ya sayi mai kala a Kano, ya juya eriya yana neman Télé Sahel ta Nijar, hoto ya fito masa fari da baƙi. Shi ya sa masu saye a Katsina da Maraɗi suka koyi tambayar ko akwatin mai kama kowane tsari ne kafin su biya.

Abin da ya ƙarasa aikin a shekarun 1990 abu biyu ne. Na farko kayan gwanjo daga Turai, 'yan tokumbo, waɗanda suka sauko da farashi har ƙaramin ma'aikaci ya iya. Na biyu bidiyo. Da kaset ɗin finafinan Indiya da na Hausa suka cika gari, babu mai son ya ga rawa da sarin matan Indiya a toka-toka. Talabijin mai kala da bidiyo suka shiga jerin kayan ɗakin amarya, kusa da gado da kabet, kuma abin da ya shiga kayan ɗaki ya zama dole ko uba yana so ko ba ya so. Tsofaffin akwatunan aka tura ɗakin samari, ko aka aika wa dangi a ƙauye, wasu aka cire cikinsu aka mai da katakon ma'ajiyar kwanuka.

Sauyin da ya biyo baya, daga tsohon tsarin watsawa zuwa na dijital, shi ma a Jos aka ƙaddamar da gwajinsa, ranar 30 ga Afrilu, 2016. Bambancinsa da na kala shi ne wannan karon tsohon akwati ba ya iya karanta sabon saƙon da kansa, sai an saya masa dikoda.