Zinaren da ke ƙarƙashin gona: na mai gona ne, na gari ne, ko na gwamnati?

Idan aka gano zinare a gonata, ya zama mallakina?

A dokar Najeriya, a'a. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinan da ke cikin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kuma da wannan batu dokar ma'adinai ta 2007 ta buɗe. Ko gwamnan jiharku ba shi da hurumin ba da lasisin haƙa, daga Abuja takardar ke fitowa. Abin da ya rage wa mai gona, ko da kaka da kakanni ya gaje ta, shi ne a nemi amincewarsa, a biya shi diyyar amfanin gona da itatuwa da gini, sannan a riƙa ba shi kuɗin hayar fili duk shekara.

To mutanen gari fa, me doka ta tanadar musu?

Nan ne gizo ke saƙar. Sashe na 116 na dokar 2007 ya wajabta wa kamfanin da ya samu lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da zai yi aiki a cikinsa, tun kafin ya fara. Ana sa ran ta ƙunshi tallafin karatu, koyar da sana'a, ɗaukar 'yan gari aiki, da taimako wajen hanya, ruwa, asibiti da makaranta. Duk bayan shekara 5 ake sake duba ta.

A takarda abin gwanin sha'awa. Sai dai dokar ba ta yanke ko nawa kamfani zai kashe ba. A ɓangaren man fetur, dokar 2021 ta ce kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani na shekarar da ta gabata zai shiga asusun al'ummar yankin. Garin da ke da zinare ko kuza ba shi da irin wannan ma'auni, ciniki ne tsakanin kamfani mai lauyoyi da mutanen da wataƙila da yawansu ba za su iya karanta Turancin takardar ba. Sannan wa ke sa hannu da sunan gari? Idan mutum uku ko huɗu suka shiga ɗaki da manaja suka fito, aka gina rijiyar burtsatse ɗaya aka kafa mata allo, an cika sharaɗi ke nan a idon hukuma. A ganina, yarjejeniyar da ba a fassara ta zuwa harshen gari an karanta ta a bainar jama'a ba, da mata da matasa da makiyaya a wurin, ba ta gari ba ce.

Ina kashi 13 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai da ake cewa na yankin da aka samo arziki ne?

Asusun jiha yake shiga. Babu abin da ya tilasta wa gwamna ya kai shi ƙauyen da aka haƙa ramin.

'Yan gari ba za su iya mallakar mahaƙar da kansu ba?

Za su iya. Akwai lasisin ƙananan masu haƙa, wanda 'yan ƙasa ko ƙungiyar gama-kai za su nema. Amma kuɗin rajista, awon fili da zirga-zirgar ofis sun fi ƙarfin mai diga da shebur, shi ya sa akasarin masu haƙa a wurare irin su Anka da Maru da Birnin Gwari ba su da takarda. Su ke shiga rami, dillalai ke yanka farashi. Kuma idan babu tsari, gari ne ke ɗaukar asarar: a 2010, niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje ya hallaka yara sama da 400 a Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Daga baya, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin tarayya ta haramta haƙa a jihar a 2019, ba ta ɗage ba sai Disamban 2024.

Idan gwamnati ta ƙwace kamfani daga hannun baƙi, ai shi ke nan gari ya huta?

Mu leƙa Nijar. Tun 1971 kamfanin Somaïr ke fitar da yuraniyom a Arlit. Kamfanin Orano na Faransa ne ke riƙe da kusan kashi 63 cikin 100, sauran na kamfanin gwamnati Sopamin, har zuwa Yunin 2025 da hukumomin Yamai suka mayar da shi na ƙasa gaba ɗaya. Tun 2006 dokarsu ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai, abin da Najeriya ba ta da shi. Duk da haka ƙungiyoyin farar hula sun sha kukan cewa kuɗin ba ya isa a kan kari, kuma duk direban da ya bi hanyar Tawa zuwa Arlit ya san halin da ta daɗe a ciki. Hannun jari ya koma Yamai, amma tsakanin Yamai da Arlit akwai tafiyar kilomita fiye da 1,000.

Idan ma'adinin ya ƙare, wa ke gyara wurin?

Dokar 2007 ta ɗora wa mai lasisi nauyin cike ramuka da gyara ƙasa, kuma ya kamata gari ya sa wannan a yarjejeniya tun ranar farko. Kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa har yau suna nan a kewayen Jos da Bukuru. A Akokan kuwa, kusa da Arlit, mahaƙar yuraniyom ta kamfanin Cominak ta rufe a Maris na 2021, ta bar tarin sharar kusan tan miliyan 20 mai fitar da tururin guba a gefen gari.