Lambar Sirrin Wi-Fi a Jikin Bango: Abin da Dokar Kare Bayanai Ta Ɗora wa Makarantu da Ofisoshi

Ranar da na je biyan kuɗin makarantar 'yata a wata makarantar kuɗi a nan Gombe, na tarar da layi, sai na samu benci na zauna. A bangon ofishin an liƙa wata takarda da salatif, an rubuta lambar sirrin Wi-Fi da jan biro: sunan makarantar, sai 1234. Mutum biyu da ke kusa da ni har sun hau, ɗaya yana kallon bidiyo. A kan tebur kuma ga kwamfutar da ke ɗauke da sunan kowane ɗalibi, da hotonsa, da ranar haihuwarsa, da lambar wayar mahaifinsa, da unguwarsu. Ita ma a kan Wi-Fi ɗin take.

Da layi ya zo kaina na yi wa malamin magana. Ya ce, "Haba Alhaji, ai data kawai za su sha." Na ce, "Malam, data ai mai sauƙi ce. Bayanan 'ya'yanmu nake ji wa tsoro, kuma yanzu doka ta shigo cikin maganar."

Dokar ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar. Ita ta kafa hukumar NDPC mai sa ido kan yadda ake tattara bayanan mutane da yadda ake adana su. Mutane da yawa sun ɗauka ta bankuna da kamfanonin waya ce kaɗai. Ba haka ba ne. Duk wanda ya karɓi bayanan wani don gudanar da aikinsa ya shiga ciki: makarantar Islamiyya mai rajistar ɗalibai a kwamfuta, asibitin kuɗi a Jekadafari, otal a Tumfure, har ma'aikatun gwamnati da sakatariyar ƙaramar hukuma. Cikin abin da aka ware akwai wanda mutum ya ajiye don harkar gidansa kawai, kamar lambobin 'yan'uwa a wayarsa.

Sashe na 39 shi ne ƙashin bayan zancen tsaro. Bai ambaci sunan wata na'ura da za a saya ba. Cewa ya yi a ɗauki matakan fasaha da na tsari da suka dace, gwargwadon yawan bayanan, da nauyinsu, da girman cutar da za a yi wa mai su idan suka fita. Ya kawo misalai: kulle bayanai ta yadda ko an sace ba za su karantu ba, iya dawo da su idan na'ura ta lalace, da gwada tsaron lokaci zuwa lokaci. Wannan "dacewa" ita ce ma'aunin da za a auna ka da shi. Shagon sayar da katin waya da asibitin da ke riƙe da sakamakon gwajin jinin mutane ba a sikeli ɗaya suke ba. Amma ban ga hukumar da za ta kalli lambar sirri a jikin bango ta ce an yi abin da ya dace ba.

Ga dalili. Wanda ya hau Wi-Fi ɗinka kamar baƙon da ya wuce zaure ne ya shiga tsakar gida. Idan ɗakuna a buɗe suke, sai abin da ya ga dama. Yana iya ganin sauran na'urorin da ke kai, ya leƙa fayilolin da aka bari a buɗe. Mafi muni, na'urorin Wi-Fi da yawa suna zuwa daga kamfani da sunan shiga da kowa ya sani, sau da yawa "admin" ne, kuma da wuya ka ga wanda ya canza. Da wannan kaɗai yaro mai wayo zai karɓe ragamar na'urar daga wayarsa. Idan jerin lambobin iyaye ya faɗa hannun ɗan damfara, gobe uwa za ta ji kira: ɗanki wane, ɗan aji kaza, ya ji ciwo, turo kuɗin asibiti yanzu. Wace uwa ce za ta tsaya bincike bayan an faɗi sunan ɗanta da ajinsa daidai?

Shi ya sa dokar ta ƙara tsanantawa kan yara. A sashe na 31, inda ake buƙatar izini, na iyaye ko mai riƙo ake nema, ba na yaron ba.

Idan kuma ɓarna ta riga ta auku, an yi kutse ko an sace kwamfutar ofis, sashe na 40 ya ba da awa 72 daga lokacin da aka sani a sanar da NDPC, muddin abin zai iya cutar da masu bayanan. Idan haɗarin babba ne, su ma a gaya musu nan take, cikin harshen da za su gane, tare da abin da za su yi su kare kansu. Nan ne nake ganin za mu fi shan wuya, domin al'adarmu a ofis ita ce a rufa asiri kada suna ya ɓaci. Rufa wa ofis asiri a nan tona asirin iyaye ne.

Tara ba ta wasa ba ce. Ga waɗanda doka ta kira manyan masu riƙe bayanai, tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran, miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Kada kalmar "manya" ta ruɗi mai makaranta: a ƙa'idar hukumar, wanda ya sarrafa bayanan fiye da mutum 200 cikin wata shida yana iya faɗawa wannan sahu, sai ya yi rajista ya kuma naɗa jami'in kare bayanai. A 2024 hukumar ta ci wani babban banki tarar naira miliyan 555.8.

Gyaran kuwa bai kai kuɗin fentin aji ɗaya ba. A canza sunan shigar da na'urar ta zo da shi. A cikin saitin na'urar a zaɓi tsarin kulle Wi-Fi mai suna WPA2 ko WPA3, a bar tsohon tsari na WEP da ake fasawa cikin mintoci. A buɗe wa baƙi da ɗalibai layinsu daban, yawancin na'urori suna da wannan, a bar na ofis ga ma'aikata. Duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki a canza lambar sirri. A kwafi bayanai a wata ma'ajiya da ba ta jone da intanet.

Mu iyaye ma doka ta ba mu baki. Muna da haƙƙin tambayar wane bayani aka ajiye a kanmu, don me, kuma wa ake ba, mu nemi a gyara kuskure, mu kai ƙara NDPC idan an ƙi saurarenmu. Ni dai a taron iyaye da malamai mai zuwa zan ɗaga hannu in tambaya ko an cire takardar nan daga bango, kuma ko kwamfutar ofis ta koma layinta ita kaɗai.