Waiwaye: Yadda mita mai kati ta haifi sana'ar da ba a tanadar wa masu koyarwa ba

Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a kullum, a watan Afrilun 2024, yunit ɗaya ya kai naira 225, zancen sola bai sauka daga bakin Kanawa ba. A gidajen rediyo da majalisun unguwa wasu na cewa ga aikin yi ya samu, a buɗe wa matasa wuraren horo kawai. Wasu kuma kuka suke yi: an haɗa musu sola da kuɗi masu yawa, ba a je ko'ina ba batir ya mutu. Kowane ɓangare yana magana kamar abin ya soma ne da cire tallafin mai a watan Mayun 2023, alhali tushen ya girmi wannan da nisa.

Farkon labarin sananne ne. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suka cika da ma'aikata. Daga baya wuta ta yi ƙaranci, masaƙu da dama suka rufe, janareta ya shiga shaguna da gidaje. A watan Nuwamban 2013 harkar rarraba wuta ta koma hannun 'yan kasuwa.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne shigowar mita mai kati. Shekara da shekaru yawancin gidajen Kano kuɗin ƙiyasi suke biya. Ko ka kashe ƙwai ko ka bar shi yana ci har rana tsaka, takardar ƙarshen wata ba za ta san bambanci ba. Shi ya sa idan aka kawo wuta ake kunna komai lokaci guda: hita, dutsen guga, fanka a ɗakin da babu kowa. Ba na ganin laifin mutane a nan, domin wanda bai ga awo ba ba zai yi tsimi ba. To amma wannan hali ya shafi sana'a kai tsaye. Mai wayarin na wancan zamani aikinsa ya ja waya, ya ɗaura soket, ya tabbatar ƙwai ya kama. Babu mai tambayarsa nawa firjin nan yake ci, saboda haka shi ma bai koya wa yaransa ba, su ma da aka yaye su suka buɗe nasu shagunan ba su koya wa na bayansu ba.

Da mita mai kati ta fara yaɗuwa, musamman bayan shirin raba mita na ƙasa da aka soma a 2020, sai magidanci ya riƙa tsayawa gaban ɗan allon nan yana kallon yunit na zubewa. Tambayar da ta shiga gidaje ita ce: “Me ke cinye min wuta?” Amsarta lissafi ne mai sauƙi ga wanda aka koya wa. Tsohon ƙwai mai wat 60 da ƙwan LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Gida mai tsofaffin ƙwayaye goma, in suka yi awa goma a kunne, sun ci yunit 6, domin yunit ɗaya shi ne cin wat 1,000 na tsawon awa guda. In LED ne, ba su kai yunit ɗaya ba. A farashin Afrilun 2024, naira 1,350 ke nan a kullum a gefe guda, kusan naira 200 a ɗaya gefen. Dutsen guga shi kaɗai yakan ja wat 1,000 ko fiye. Ranar da wannan lissafi ya zama kuɗi a aljihun mai gida, ranar aka samu kasuwar wanda ya iya shi. Masu iyawar ne ba a tanada ba.

Sola ta zo ta tarar da wannan giɓi. Kasuwar Sabon Gari ta samu wutar sola a shaguna tun 2018, Jami'ar Bayero ta ƙaddamar da tashar megawat 7.1 a 2019, aka buɗe ta megawat 10 a Kumbotso a farkon 2023. Waɗannan manyan ayyuka ne masu injiniyoyi. A cikin unguwanni kuwa, yaron da ya yi 'yan makonni yana riƙe wa maigidansa tsani shi ne ake kira ya haɗa. Zai hau rufi ya ɗaura faranti tsaf, ya jona inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, fanka ta juya, a biya shi. Abin da bai yi ba shi ne zagaya gidan da takarda da biro: ƙwai nawa, firjin tsoho ne ko sabo, uwargida da wuta take guga ko da gawayi, awa nawa ake so batir ya riƙe da dare. In da ya yi, da ya ce: “Alhaji, a fara canza ƙwayayen nan da fankokin, sai a sayi batir biyu maimakon huɗu.” Batirin da ake zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare ba ya daɗewa, komai kyansa.

Wuraren koyo akwai su: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, kwalejojin koyon sana'a, da asusun horar da ma'aikata na ITF da aka kafa tun 1971. Sai dai mafi yawan masu shiga gidajenmu da filaya da sukundireba a shagon maigida suka koya, kuma a nan nake ganin ya kamata horon ya sauka. In aka zaunar da maigida guda aka koya masa auna lodi, wato yawan wutar da kayan gida ke ja, da zaɓen kaurin waya, duk yaran da za su bi ta hannunsa sun samu.

Aikin ma bai tsaya a gidaje ba. Masu injin niƙa, masu walda, masu ƙanƙara da ƙananan masana'antun Dakata da Sharada duk suna aiki da tsofaffin injina masu zuƙar wuta, kuma da yawansu a shirye suke su biya wanda zai zo da na'urar awo ya nuna musu inda kuɗinsu ke tafiya.