Waiwaye: Wa ke da ta cewa idan dokar Dungeons & Dragons ta yi duhu?

A 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, cikin wasu ƙananan littattafai uku. Wasa ne da ake yi a zaune kewaye da tebur. Kowa ya ɗauki matsayin jarumi ko boka, mutum ɗaya kuma ya riƙa ba da labari yana yanke hukunci, ana jefa ƙwayoyi irin na lido don a ga wanda sa'a ta faɗa wa. Shi wannan mutum ɗaya alƙali littattafan suka kira shi tun farko, kuma ya sha aiki, don dokokin cike suke da giɓi. A wajen faɗa ma sai su tura ka zuwa wani wasan daban, Chainmail na 1971, wanda masu saye da yawa ba su taɓa gani ba. A ƙarshen littafi na uku marubutan suka ce abin da bai fito fili ba, kowa ya yanke yadda yake so. Mutane kuwa suka ɗauke su da gaske. Ken St. Andre ya karanta, ya ga abin ya cukurkuɗe, ya zauna ya rubuta nasa wasan, Tunnels & Trolls, a 1975.

Gygax bai daɗe ba ya sauya ra'ayi. An fara gasa a manyan taruka, gasa kuwa ba ta yiwuwa idan kowane tebur da tasa dokar. Daga 1977 zuwa 1979 ya fitar da manyan littattafai uku don a daidaita komai. A 1979 ɗin kuma mujallar Dragon ta buɗe filin amsa tambayoyi mai suna Sage Advice, Jean Wells ce ta fara riƙe shi. Wasiƙu suka yi ta kwarara, alamar kaurin littafi bai kashe gardama ba.

Bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ke buga wasan, a 1997, bugu na uku ya fito a 2000 da niyyar ba kusan kowane motsi dokarsa. A nan ne masu bin lafazi sak suka samu abin nema. Misalin da ya fi shahara shi ne na jerin ƙauyawa. Zagaye ɗaya a wasan daƙiƙa 6 ne, kuma doka ta yarda mutum ya yi shirin yin abu da zarar wani abu ya faru. To, sai ka jera mutum dubu, kowa ya yi shirin miƙa mashi ga na kusa da shi. A lafazin doka, mashin zai ratsa layin kaf cikin daƙiƙa 6, sai mai wayon ya ce ai yanzu ya fi harsashi gudu, a bar shi ya harbe dodo. Dabarar tana bin doka a inda ta yi masa daɗi, ta koma ilimin kimiyya a inda dokar ta ƙare. A ganina wannan ba fassara ba ce, son banza ne, amma ya nuna iyakar abin da rubutu zai iya toshewa.

Bugu na biyar na 2014 ya ja da baya da gangan, ya mayar wa alƙali ƙarfinsa. Jeremy Crawford, jagoran tsara dokokin a lokacin, ya bambanta abin da aka rubuta, da abin da aka nufa, da abin da zai sa a ji daɗin wasa. Sai dai ya riƙa amsa tambayoyi a Twitter, 'yan wasa kuma suka riƙa zaro waya a tsakiyar wasa suna nuna wa alƙali cewa ga abin da mai dokar ya faɗa. Wani lokacin shi kansa yakan janye amsa, kamar yadda ya yi kan ko mai garkuwa zai iya ture abokin gaba kafin ya kai sara. A 2019 kamfanin ya ce saƙonninsa na Twitter shawara ce kawai, ba hukunci ba.

Littafin alƙalai da aka sabunta a 2024 ya kawo zancen jerin mutanen da mashinsu ƙarara, ya ce kada alƙali ya saurari mai wannan hujja, domin an rubuta dokokin ne don a yi wasa, ba don bayyana yadda duniya ke tafiya ba.